Gadon Bayan Labule

Muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. A ɗakin allura haka abin yake: likita ta soka maka siraran allurai a gwiwa da kafaɗa, ta ja labule, ta ce kada ka motsa, ta tafi abinta. Tun tana 'yar sha huɗu take zuwa, saboda ciwon gaɓoɓin da ta gada wajen mahaifinta, irin wanda kafaɗa kan goce ko da bokiti ta ɗaga. Yanzu ta haura ashirin. Ƙawaye sun gaji da jiranta, wasu ma cewa suke raki ne. Kullum ita kaɗai take kwanciya tana kallon silin, kuma kaɗaicin ya fi ciwon damunta.

Ran nan sai ga wani a gadon kusa yana nishi kamar ana yanka shi. Tela ne, keken ɗinki ya cinye masa baya. Ta ce ya saki jikinsa, allurar ba ta cizo. Ya ce to ta ci gaba da magana, muryarta ta fi allurar aiki. Da suka fito aka ga juna, aka karɓi lamba, ya raɗa mata suna Malama.

Da magana ta yi nisa ya kai zancen gida. Mahaifiyarsa ta ce ko kusa, ba za a kawo mata ciwon gado cikin jikoki ba. Ya turo saƙo: "Malamata, ki ƙara haƙuri, ban fasa ba." Ta amsa: "Kada ka saɓa wa Mama saboda ni." Daga nan ta daina ɗaga wayarsa, tana sonsa kamar ranta.

Wata rana aka kwantar da wata dattijuwa mai ciwon gwiwa a bayan labulen, tana ta salati don tsoro. Malama ta lallashe ta har ta natsu. Hira ta yi daɗi, dattijuwar ta shiga labarin ɗanta tela, wanda ya turo ta nan, wai ya nace sai wata mara lafiya, duk ya rame. Ta ce, "Da irinki ya samo, 'yata, da na huta."

Ga allurai a jiki, ba halin tashi. Da Malama ta so, da ta yi shiru.

"Mama, ni ce," in ji Malama. "Kuma gaskiyarki ce, yaro zai iya gadonsa. Ba zan ɓoye miki ba."

Can likita ta zo ta zare allurai. Dattijuwar ta fita ko sallama babu. Malama ta sha kuka a hanya.

Ba a daɗe ba sai ga magabatan telan a gidansu, sun zo neman aure. Ranar da aka ɗaura, surukar ta zauna kusa da amarya ta ce, "In jikan ya zo da shi, ni zan riƙa kai shi allura, ai na san hanya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."