Akwatin da Ba Ya Tsegumi

A kasuwar Tanut Kaltuma ta fara ganin Ila, durƙushe cikin matattun rediyoyi da kuzar liƙi a hannu. Gyara ta kawo. Ya ɗago ya dube ta, sai da kuzar ta ƙona masa yatsa.

A garin nan magana ba ta kwana. Attahir, ɗan wani falke, wanda shi ma yake son Kaltuma, yana da ƙatuwar rediyo mai kamo duk oba-oban yankin. Ƙato da gemunsa, ba shi da aiki sai sauraron sirrin mutane yana rabawa a majalisa.

Shi ya sa Ila ya haɗa ƙananan akwatuna biyu. Kowanne sai an cusa masa mabuɗi irin na ɗan'uwansa yake fitar da magana, wanda ya yi katsalandan kuwa kukan kwaɗi zai ji. Ya aika wa Kaltuma ɗaya can rugarsu.

"Tauraruwata, kina ji na?"

"Ina ji, Gwanina. Mu kaɗai ne?"

"Mu da Allah."

Attahir ya sha kukan kwaɗi har ya gaji, ya kai ƙarar Ila wurin mahaifin Kaltuma, Alhassan. Tsohon ya yi tsaki.

"Mai tsintar shara zan ba 'yata? Ba saniya, ba akuya, sai waya!"

Kaltuma ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Sai farin 1984 ya zo, shanun Alhassan suka fara faɗuwa. Duk inda aka ce akwai ciyawa, kafin ya isa garkunan duniya sun cinye, don bakin Attahir ya riga shi. Ila ya rataya akwatinsa, ya hau aron raƙumi ya nufi kwarin Tarka neman ciyawa. Aka daɗe ba labarinsa. Ranar da akwatin Kaltuma ya yi ƙara, ta ji muryar Ila, ta miƙa wa uban.

"Baba, na sami haki bayan tudun Dodo. Ku taso yanzu, ba wanda ya ji."

Garken ya tsira. Da magabatan Ila suka zo neman aure, Alhassan ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Har yau ban ga sana'a a nan ba. Amma bar mini akwatin, ka ɗauki yarinyar. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Aka shafa fatiha. Labarin nan ma Attahir ne ya fara kai shi kasuwa.