Farar Rigar Ɗakin Wanki

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, kuka take yi a bayan injin busar da kaya. Ba ta daɗe da zuwa ƙasar waje ba, kuma ɗakin wankin asibitin da ta samu aiki a can ƙarƙashin ƙasa yake, babu ko taga, sai zafi da rugugin injuna da warin sinadarin wanki. A ranar ta haɗa zannuwan gadon ɗakin tiyata da na ɗakin yara, shugabar aiki ta wanke ta tas cikin harshen da rabinsa kawai take ji.

Sai ga wani dogon saurayi ya turo keken kayan datti. Ya tsaya ya dube ta, ya ji abin da take gunaguni da shi.

"Sannu, 'yar'uwa," ya ce da Hausa. "Kuka a nan asara ne. Kafin hawaye ya kai kumatu injin nan ya busar da shi."

Dariya ta kufce mata, ga hawaye shaɓe-shaɓe. Rabonta da jin Hausa ba ta waya ba tun saukarta daga jirgi.

Baƙo ko da ido makaho ne, Dogo kuwa ya zama sandarta. Shi ya nuna mata yadda ake gane buhunan kaya da launin zaren bakinsu, da motar da za ta hau ba sai ta canza ba, da irin takalmin da ke jure tsayuwar wuni guda. Ya gaya mata ta daina jin haushin maƙwabcinta da ba ya amsa gaisuwa, ba gaba yake yi da ita ba, haka suke. Duk da haka, idan ta koma ɗan ɗakinta ta rufe ƙofa, shirun yakan danne ta har ta kunna famfo don kawai ta ji motsin wani abu.

Saƙonninsa ne suka fara rage mata wannan shirun.

"Autar Baba, kin ci abinci kuwa? Kada ki ce min shayi. Shayi ba abinci ba ne."

"Na ci, Dogona. Ƙafafuna ne kawai suka ce ba su san ni ba."

"Ki jiƙa su a ruwan ɗumi. Gobe ni zan ɗaga miki manyan buhunan, ke dai ki tsaya ki yi min kyau."

So ya kama ta sosai, ita ma ba ta tsaya jan aji ba. Sai dai akwai abin da ke cin ta a rai. A gida ita nas ce da takardarta, a nan kuwa an ce sai ta sake jarrabawa, ta zauna kuma ta faɗi. Makon da ta fara aiki ta ɗauki hoto a ƙofar asibitin sanye da farar rigar ɗakin wanki ta tura gida. Baba ya ga farar riga, ya ga asibiti, ya yanke hukunci da kansa. Ita kuma ba ta gyara masa ba. Tun daga nan hoton nan bai huta ba, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ga autarsa da ke duba marasa lafiya a ƙasar waje.

Da maganar aure ta yi ƙarfi, Dogo ya kira Baba ya gaishe shi da ladabi. Baba ya tambayi sana'arsa, shi kuwa ya faɗi gaskiya: keken kayan wanki yake turawa. Ko awa ba a yi ba wayar Auta ta yi ƙara. Baba ya ce bai rabu da ita zuwa wata uwa duniya don ta auri mai kwasar ƙazantar marasa lafiya ba, nas guda da ita. Yayanta kuma ya kawo nasa, wai yana da aboki mai kantin magani a wani gari na ƙasar da take, ya ma riga ya ba shi lambarta.

Mai kantin ya yi ta kira ba ta ɗauka. Amma maimakon ta fuskanci Baba, sai ta tari Dogo a wajen ajiye kekuna, ta roƙe shi ya sake kira ya ce an mayar da shi ofis.

Ya saki keken ya dube ta. "Aikin da nake turawa, ke kike ninkewa. Idan nawa abin kunya ne, naki fa?"

"Ba za ka gane ba. Zuciyarsa za ta karye."

"Na gane. Kin zaɓi tawa ta karye."

Ya juya ya tafi. Washegari wani ne ya turo keken, aka ce Dogo ya nemi a canza masa lokacin aiki.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta nauyi ƙwarai. Ta fita da duhun safiya, ta ninke zannuwa har yatsunta su tsage, ta dawo ɗaki babu mai tambayar ko ta ci. Ta tura masa "Dogona, ka yi haƙuri", ya karanta bai amsa ba. Baba kuma kullum sai ya kira ya tambayi marasa lafiyarta, ita kuma ta ce suna samun sauƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ta san ta kai ƙarshen nata.

Wata rana a lokacin hutu ta kira Baba ta bidiyo. Ba ta fita ƙofar asibiti yadda ta saba ba. Ta juya wayar ta nuna masa injuna, da tulin buhuna, da teburin da take tsayawa.

"Baba, nan ne aikina. Tun zuwana wanki nake yi. Na faɗi jarrabawar."

Baba ya bi injunan da buhunan da kallo. Sai kiran ya katse. Ta jira ranar, ta jira washegari, shiru. Mama ce ta shaida mata cewa ko ƙofar gida ya daina zama. Auta ta tabbata ta yi biyu babu, ba uba ba masoyi.

Sai da mako ya zagayo ya kira, muryarsa a dushe.

"Auta, ba wankin ne ya ƙona min rai ba. Ina nan ina yawo da hotonki ina washe baki, ashe ke kina can cikin rami kina wahala ke kaɗai. Wa ya tsaya miki duk tsawon lokacin nan?"

"Shi ne, Baba."

"To, ki ce ya kira ni."

Ta tura wa Dogo saƙo: "Na nuna wa Baba ɗakin wanki. Yana nemanka." Wannan karon amsa ba ta jima ba: "Ina zuwa, zuciyata. Ki daina kuka, na san kina yi."

Dogo ya kira, Baba ya ba shi ita. A gida aka ɗaura auren, ango da amarya kuwa ta waya suka halarta, zaune a ɗan ɗakin Dogo tare da abokan aiki kaɗan da suka samu hutu. Hoton na tsayawa, murya na yankewa, Auta ta hango Mama a gefe tana share ido da bakin mayafi, ba halin ta rungume ta. Daɗi da kewa suka haɗe mata, ta rasa wanne take yi wa kuka.

Da aka shafa addu'a, Baba ya matso da fuskarsa har ta cika wayar, ya kira angon.

"Ɗana, ba ni da ido a can sai kai. Idan ta shiga damuwa ka gaya min, ko da ta hana ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya dawo min da ku ina raye."

"Amin, Baba," Dogo ya ce. Ya riƙe hannun matarsa mai kaushin wanki, bai sake shi ba har kiran ya katse.