Akuya Ta Shanye

A can baya, an ba 'yan sakandaren wani gari aikin auna ruwan sama. Ladidi ce mai kula da gwangwanin awon ajinsu. Kullum ta auna, kullum ta rubuta.

Wata safiya ta tarar akuya ta shanye ruwan tas.

"Ke dai rubuta wani abu," in ji ƙawarta Tabawa. "Wa zai sani?"

Ladidi ta rubuta, "Akuya ta shanye." Aka yi ta mata dariya.

Shekaru suka shuɗe, masana suka zo gina madatsar ruwa, suka nemi tsofaffin littattafan awo. Babbansu ya karanta layin nan, ya yi murmushi.

"Da wannan za mu yi aiki. Na wane ne?"

Ladidi, da furfurarta, ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.