Yatsun Mai Hoto

Ta fito daga ɗakin madubin duba ƙwayoyin jini idonta bai gama sabawa da haske ba, sai ga mutum tsaye a bakin ƙofa, kyamara rataye a wuyansa, yana murmushi kamar sun daɗe da sanin juna.

"Ke ce Daktar da aka ce in ɗauka?"

"Ni ce. Amma ka ɗauki aikin, ka ƙyale mai aikin."

Cibiyar binciken ce ta ɗauko shi ya yi hotunan da za a sa a mujallarta. Ita kuwa aikinta binciken garkuwar jiki ne, musamman cututtukan da garkuwar ke juyowa ta afka wa mai ita, ta kama gaɓoɓi da fata, wani lokaci har ƙoda da huhu. Tun tana ɗaliba abu guda take bi: alamar da jini zai nuna kafin ciwo ya yi ɓarna.

Ta shigar da shi, ta kashe fitila, ta ce ya leƙa madubin. Ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Subhanallah. Taurari ne korra, Dakta. Kamar an zuba sama a cikin cokali."

"Jinin wata baiwar Allah ne a kan ƙwayoyin gwaji. Duk inda ya haska, garkuwarta ce ta kama abin da bai kamata ta kama ba."

"Abu mai kyau haka ya zama ciwo?"

"Shi ya sa ban gaji da kallonsa ba, ban kuma daina jin haushinsa ba."

Ɗakin na da sanyi saboda na'urori. Da ta kunna fitila, idonta ya faɗa kan hannunsa. Yatsunsa sun yi fari fat kamar kyandir, bakinsu ya fara komawa shuɗi.

"Tun yaushe suke yin haka?"

"Sanyi ne kawai. Ni da sanyi ba ma ga maciji."

Ta miƙa masa kofin shayinta ya riƙe, ta ce ya hau bene ya ga likitan gaɓoɓi kafin ya bar ginin. Ya yi dariya, amma ya hau.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai Taurari, an ɗebi jinina. Na zo ɗaukar hoto an ɗauke ni. Wa zai biya ni diyya?"

Ta amsa: "Kofina da ka tafi da shi ya isa diyya."

Ya dawo da kofin washegari, ya kuma manta murfin kyamararsa a kan teburinta. Daga nan mantuwa ta zame masa sana'a.

Sakamakon ya fito: farkon ciwon nan ne mai sa fata ta yi tauri, an dai kama shi da wuri. Ya same ta a bencin da ke ƙarƙashin bishiya a harabar cibiyar, ya zauna can gefe.

"Ki duba jinina da kanki. Ina so in ji daga bakinki."

"Ba zan duba ba. Likitanka ya san aikinsa."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Ba a sa wanda ake so a ƙarƙashin madubi. Hannu rawa yake yi."

Iska ta kaɗa, ƙananan furanni suka zubo musu. Shi dai ya manta da takardar asibitin da ke hannunsa.

Watannin da suka biyo baya kamar a mafarki suka wuce. Ta saya masa safar hannu mai taushi, ya ce ya zama kamar direban amarya. Ya koya mata gane hasken safiya da na la'asar, ita kuma ta koya masa shan magani a kan lokaci, da faɗa in ta kama. A ƙarshe ta yarda ya ɗauke ta, tana tsaye jikin tagar ɗakin gwaji, farar rigar aiki a kafaɗarta, tana dariyar wani abu da ya faɗa.

"Zuciyata," ya rubuta mata, "na wanke hoton. Duk wanda ya shigo shago sai ya tambayi wace ce. Na gaji da kishi, na mayar da shi gida."

Da maganar aurensu ta kai gaban mahaifinta, sai ya ajiye tabaransa a kan jarida.

"Mamana, wane ciwo kika ce yana da shi?"

Ta faɗa. Fuskarsa ta canza. Ciwon nan ne ya ɗauke mahaifiyarta tun ita Daktar tana 'yar makaranta, bayan shekarun da Abba ya yi yana ɓalle mata maɓallin riga, yana ba ta abinci a baki.

"Na sha wannan ruwan, na san zurfinsa. Ba zan tura ki ciki da hannuna ba."

"Abba, yanzu akwai magungunan da babu su a lokacin Umma."

"Suna warkarwa?"

Ba ta iya yi masa ƙarya ba. "Suna rage masa gudu."

"To kin ji."

Akwai ɗan aminin Abba, likitan ƙashi, da ya daɗe yana zarya gidan ba ta ba shi fuska ba. Shi ne ya tare Mai Hoto a wurin ajiye motoci, ya dafa kafaɗarsa kamar mai ba da shawara.

"Malam, ta gaya maka abin da ya kashe mahaifiyarta? Irin ciwonka ne. Uwarta take gani a jikinka. Tausayi daban, so daban."

Ba ta taɓa gaya masa ba. Ya daina zuwa, ya daina ɗaga waya. Saƙo ɗaya ya tura: "Na gode da jinya, Dakta. Ba na son a aure ni don sadaka."

Ta karanta a ɗakin madubi, korran ɗigon suka narke a idonta. Ta cire safar aiki, ta nufi shagonsa. Ta tarar da shi yana fama da murfin wata kwalba, ta karɓa ta buɗe ta dire masa.

"Gaskiya ne, ranar farko hannun Umma na gani. Na ɓoye maka don kada ka ga ƙarshenta ka zaci naka ne. Wannan ka yafe mini."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Amma marasa lafiya nawa nake gani? Akwai wanda na taɓa tsayawa gaban madubin ɗakina ina canza mayafi saboda shi? Tausayi ba ya sa kwalli, Mai Hoto."

Dariya ta ƙwace masa, idonsa ya cika da ƙwalla. "In hannun nan ya ƙi riƙe kyamara fa?"

"Sai ka riƙa faɗa mini inda zan tsaya, ni in danna."

Saura Abba. Ta same shi da hantsi yana ba shukokinsa ruwa, ta durƙusa kusa da shi.

"Abba, tambaya ɗaya, in ka amsa na haƙura da duk abin da ka yanke. Da an gaya maka tun farko yadda ciwon Umma zai kasance, da ka fasa aurenta?"

Ruwa ya cika tukunyar shukar har ya malalo kan takalminsa, bai lura ba.

"Da na matso da ranar kusa," ya ce a hankali. "Da ban ɓata shekara guda ina jiran in gama gini ba."

Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ki ce ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure wata safiya mai rana, abokan aikinta suka cika gidan suna tsokanar ango cewa yau shi ake ɗauka. Da za a tafi da amarya, Abba ya kira su gefe, ya riƙe hannun surukinsa cikin nasa biyu, ya daɗe yana kallo.

"Mamana, abu ɗaya ban ga kin karanta a littafi ba. Da safe, kafin ki tambaye shi ina ke ciwo, ki fara tambayarsa me ya yi mafarki. Mara lafiya ma yana son a yi hira da shi."

Ya juya ga angon. "Kai kuma ɗana, in ta daɗe a wurin aiki kada ka yi fushi. Kai take nema wa magani, kai da 'ya'yan mutane."

"In sha Allahu, Abba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ƙara maka sauƙi, ya sa ta ga abin da take nema da idonta. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka."