Tattabarun Saminu

Ranar Asabar da hantsi ƙarar ta iso ofishin 'yan sanda na Sandamu. Sufeto Maliki yana zaune, shayinsa ya huce a gabansa, sai ga Dakta Nu'uman, mai ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan kasuwa.

"Sufeto, an yi mini sata a kan rufi."

"Sola?"

"Ina ma sola ce. Na'urar korar tsuntsaye."

Maliki ya ɗago kai. "Sai ka yi mini bayani, Likita. Ni a korar tsuntsu iyakar sanina danƙo da mutum-mutumi."

Dakta ya zauna. Ya ce tattabaru ne suka addabi asibitin. Kullum suna kan farantan sola, kashinsu ya rufe su, wuta ta ragu, firjin allurar rigakafin jarirai ya riƙa ɗaukewa. Bai yarda ya sa guba ba. Sai ya sayo wani ɗan akwati daga Kano, aka kewaye bakin rufin da waya. Akwatin yana tura wani ƙarfin maganaɗisu ta cikin wayar. Mutum ba ya jin komai, amma tsuntsu in ya matso sai ya rikice, ya fasa sauka. Ba ya kisa, ba ya jin ciwo.

"Yau na ga kashi a farantan, na hau, babu akwati. Ranar Talata mata za su kawo 'ya'yansu. In firjin nan ya mutu, allurar ta tashi aiki."

Maliki ya ɗauki hularsa.

A kan rufin, abu na farko da ya lura da shi shi ne abin da ba a ɗauka ba. Batura suna nan. Wayar tagulla tana nan, ba a yanke ko taƙi ɗaya ba. Ɓarawo ya tsallake abin da kasuwa ke so, ya ɗauki abin da ba mai saye a duk ƙasar Daura.

Inda akwatin yake, an tara kusoshinsa wuri guda a kan bulo, a killace. Bakin kowanne ya kakkarce, alamar da tsinin wuƙa aka kwance su.

Ya bi wayar da ido. Ta gama kewaye rufin, sannan ta zarce ta kwanta a kan katangar da ta raba asibitin da gidan maƙwabta. A kan katangar akwai wani ɗan kasko da ruwa fari-fari. Maliki ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

Kanwa.

Ya daɗe a tsugune. Yana yaro a Mashi ya yi kiwon tattabaru da yayansa. Ruwan kanwa suke ba su don su so gida. Rabon da ya tuna da wannan tun kafin ya sa kaki.

Bai leƙa gidan ba. Gidan aure ne. Ya ɗauki kaskon ya sauko.

Wanda ya haɗa na'urar, Sabiru, yana da shagon kayan sola a cikin Daura. Da ya ga kaki sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Oga, in da ni ne, batur zan ɗauka. Ai na san darajar kaya."

"Na yarda. Yaushe ta daina aiki?"

Sabiru ya latsa wayarsa. Na'urar tana aiko masa da saƙo in ta mutu. "Jiya, daidai lokacin da ake tayar da sallar Juma'a. Na ɗauka wuta ce."

"Ƙarfinta har ina yake kaiwa?"

"Iyakarsa rufin asibiti."

"Ba wanda ya taɓa kawo kuka?"

"Ko mutum ɗaya."

"To wayar da ke kan katangar maƙwabta, aljani ne ya ja ta?"

Sabiru ya sosa ƙeya. Ya ce waya ce ta yi saura, ya ga tsuntsayen a katangar suke fara sauka, sai ya zarce da ita. Likita ya hana shi taɓa katangar mutane, shi ya sa bai faɗa ba.

"Kukan fa?"

"Wata mata ta zo nan, cikin hijabi. Ta ce don Allah in cire ta kan katangar. Na ce ta je wajen mai asibiti, ni ba ita ta sa ni aiki ba."

"Sunanta?"

"Ban tambaya ba, Oga."

"Ai na ga alama ba ka cika tambaya ba. Hau babur ɗinka ka same ni a asibitin."

Maigadin asibitin, Baba Auta, dattijo ne mai son hira. Ya dage cewa jiya ko nan da can bai motsa daga bakin ƙofa ba.

"Wuni guda, Yallaɓai. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

Maliki ya zauna kusa da shi a benci, ya cire hula. "Kai ma irina ne ke nan, Baba. Ni ma aiki ya hana ni Juma'a. Ko me liman ya yi huɗuba a kai, oho."

"Ai ka yi asara. Haƙƙin maƙwabci ya ɗauko. Wallahi har sai da na ji jikina ya yi sanyi, don ya ce..."

Ya tsaya. Ya dubi Sufeto. Ya dubi ƙasa.

"Ƙarasa mana, Baba."

"Yallaɓai, ka rufa mini asiri wajen Likita. Juma'a ce."

"Duk mazan unguwa sun tafi?"

"Har da yara."

"To wa ya rage a gidaje?"

Baba Auta ya saci kallon gidan maƙwabta. Maliki ya ajiye kaskon a tsakaninsu.

"Wa ke kiwon tattabaru a bayan katangar nan?"

"Ni ban cika sanin..."

"Baba, ƙarya ɗaya ta isa rana guda."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. Ya ce gidan Saminu ne, wani magini. Ya tafi Aljeriya neman aiki bara waccan, ta hanyar Agadas. Da farko yana kira. Tun daminar bara ba a ƙara jin muryarsa ba. Matarsa Hussaina ce kaɗai a gidan, ita da tattabarun da ya bari.

"Yarinyar kirki ce, Yallaɓai. Ko tsinke ba ta taɓa ɗauka ba."

A jikin zauren gidan an rubuta BA A SHIGA da farin fenti, ya soma koɗewa. Maliki ya kira Saja Ummukulsum, 'yar sandan ofishinsu. Ita ta shiga, shi ya tsaya a zaure. Daga ciki yana jin gurnanin tattabaru da fuka-fukai.

Hussaina ta fito da hijabi, ta durƙusa ta gaishe shi. Wayarta tana hannunta, a damƙe.

"Malama Hussaina, jiya lokacin Juma'a kina ina?"

"Ina ɗaki, ranka ya daɗe."

"Kin taɓa hawa rufin asibiti?"

"Me zai kai matar aure rufin mutane?"

Saja ta fito ta ce akwai tsani jingine da katanga, kusa da tukwanen da tattabarun ke kwana. A madafa kuma ta ga wuƙa mai lanƙwasasshen tsini.

"Tsanin na duba ƙwai ne," in ji Hussaina. "Wuƙar kuma ta daɗe a haka."

Maliki ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya miƙa mata kaskon. Ta karɓa da hannu biyu, ta goge bakinsa da gefen hijabi.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai," ya ce a hankali. "Na daɗe ina aikin nan, ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya ya tara wa mai kaya kusoshinsa ba."

Ta juya kaskon a hannunta.

"Don kar su ɓata ne," ta ce. "Ba nawa ba ne."

Ita da kanta ta shiga ta ɗauko akwatin. A cikin babbar rigar mijinta ta naɗe shi.

Ta yi maganar ba tare da kuka ba. Ranar da Saminu zai tafi bai bar mata wasiyyar komai ba sai tsuntsayen. Ya ce ta kula masa da su, zai dawo ya tarar sun cika gida. Ta kula. Da kiransa ya daina shigowa, su ne suka rage masu dawowa kowace la'asar.

"Da aka sa abin nan sai suka daina sauka. Su zo, su yi ta kewaya sama, su juya. Na zuba gero, na sa kanwa, na kira su yadda yake kiran su. Ranka ya daɗe, ina ganin su suna son gida, sun kasa."

"Kin je wajen Likita?"

"Na je. Aka ce yana ɗakin haihuwa. Na koma, aka ce ya tafi Katsina."

Sai kawun Saminu, Malam Isyaku, ya zo ya ga tukwane babu kowa. Ya ce shi ke nan, tattabaru ba sa barin gida sai mai gida ya bar duniya. Ya tara dangi. Suka yanke za a yi masa sallar mamaci, ita kuma ta shiga takaba Juma'a mai zuwa.

"Na ce musu na'ura ce. Kawu ya ce wace na'ura ce ba ta ƙara, ba ta wari, ba ta hayaƙi. Na ga ba abin da zai rufe bakinsa sai tsuntsayen."

"Sun dawo?"

Fuskarta ta ɗan saki. "Kafin magariba. Har da farar, mai ƙarau a ƙafa. Ita ya fi so."

"Kawun fa?"

"Ya zo da safe ya gan su. Ya tsaya ya tsaya, bai ce komai ba, ya tafi."

Maliki ya san labarin motocin da ke lalacewa a Sahara. Rahoto nawa ya karanta a ofis, sunaye babu, sai adadi. Ya kuma san tattabara ba ta san mai rai da matacce ba, kanwa da gero ta sani. Bai faɗi ko ɗaya ba.

"Kin san firjin da ke ajiye allurar jarirai da solar nan yake aiki?"

Ta ɗago da sauri. "Ban sani ba. Wani ya..."

"Tukuna. Amma da an kai Talata, da magana ta canja."

Ta sunkuyar da kai.

A waje Dakta Nu'uman da Sabiru suna jira. Dakta ya karɓi akwatin, ya juya shi, ya ga ko ƙwarzane babu. Ya dubi babbar rigar da ke hannun Saja, ya kau da kai.

"Yau za a mayar," ya ce.

"A mayar," in ji Maliki. "Amma wayar kan katanga a naɗe ta. Ba katangarka ba ce kai kaɗai."

"Oga, ko an cire, ban yi alkawarin za su zauna ba," in ji Sabiru. "Rufin yana kusa."

Hussaina ta ji. Ta ɗaga kai ta dubi katangar.

Ƙara ta riga ta shiga ofis, dole ta je ta ba da jawabi, abin da zai biyo baya kuma yana hannun mai ƙara da babban jami'i. Maliki ya gaya mata haka. Ta roƙi a bar ta ta zuba musu ruwa. Ya bar ta.

Da ta fito, Saja ta kama hannunta suka nufi mota. Matan unguwa suna leƙe ta bakin zaure. A bayansu wani ɗan ƙarau ya yi ƙara a kan katanga. Hussaina ta waiwaya, ta daɗe tana kallo, har Saja ta ɗan ja ta.

A bakin motar ta tsaya, ta duba fuskar wayarta.

"Ranka ya daɗe, akwai wurin caji a ofishinku? Kar ya kira ya tarar a kashe."

Maliki ya buɗe mata ƙofa.

"Akwai," ya ce. "A kan teburina."