Ban Ruwa a Sararin Sama

A tashar Talata Mafara Mufida ta fara ganin Yasir, suna jiran mota ta cika. Ita malamar firamare ce a Garbadu. Shi ɗan Bakura ne mai digiri na biyu, aikinsa kwaikwayon fashewar taurari a kwamfuta, don ya ga yadda take ture iskar gas da ke tsakaninsu. Tambaya bakwai ta yi masa, ya amsa duka yana murmushi, ya kuma roƙi lambarta.

Bayan wata huɗu ya turo magabatansa. Mahaifinta Malam Gajere, manomin rani, ya aiki ƙanensa Hashimu bincike Bakura. Maƙwabta suka ce yaron akwai salla da ladabi, amma ba gona ba kasuwa, wuni yake a ɗaki yana kallon hayaƙi a allo. Malam ya ce ba ya ba marar sana'a ɗiyarsa, ga Lawali mai shagon taki ma yana nema.

Mufida ta rubuta wa Yasir: "Sanyin idona, kada ka karaya. Ka zo gobe bayan la'asar da kwamfutarka. Baba sai abin da idonsa ya gani."

Ya amsa: "Ina tafe, Malamata, ko da a ƙafa ne."

Washegari Mufida tana laɓe bayan ƙyauren zaure, Yasir ya kunna wa Malam kwamfutar. Tauraro ya fashe, gas ya watsu. Malam ya matso, ya sa aka maimaita har sau uku.

"Yaro, wanga ai ban ruwa ne. Ya fasa ta inda kunyar gona ba ta da ƙarfi, ya tara laka inda ta yi kauri."

Yasir ya zabura, ya ce wata takwas ya yi kafin ya tabbatar da haka, kuma inda gas ya taru ne sababbin taurari kan iya fitowa.

"Da ka zo gonata, wuni guda ya ishe ka," in ji Malam yana dariya. Sannan ya gaya wa Hashimu cewa wanda ya bi abu ɗaya wata takwas bai gaji ba, ma'aikaci ne.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure, 'yan'uwa suka zo har daga Maradun. Malam ya dafa kan Mufida ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka. A nan ta gane cewa mahaifinta bai taɓa ƙin Yasir ba, tsoro yake kada ta wahala.