Tara Cikin Goma

"To, Malam, nawa ka ba ta?"

Hajiya Hajaratu ce ta yi tambayar, tana murmushi ɗan kaɗan. Kowa a falon ya juya ga Malam Zailani.

Suwaibatu na durƙushe gefen tebur, jug ɗin gilashi a hannunta. Tun da ta tsiyaya kofin farko warin ya bugi hancinta.

Kananzir.

A cikin zoɓonta.

Ta ɗaga ido ta dubi Zailani, shi kuwa kofin hannunsa yake kallo.

Shekara guda ke nan da sanin juna. Shi malamin firamare ne a Faskari, ita kuwa daga Tafoki take kawo zoɓo ranar kasuwa, a tulun da kakarta Dada ta koya mata turarawa da kajiji kafin a zuba komai. Zailani na da wata ɗabi'a da ya ɗauko daga aji: duk abin sha da ya shiga bakinsa sai ya ba shi maki, kamar yana gyaran takardun yara. Kunun zaƙin matar hedimasta, biyar. Tsamiyar bakin tasha, huɗu, ita ma don tausayi. Lemun kwalba, wanda a shekarun nan na kuɗin man fetur kowa ke sha don a gan shi yana sha, shida.

Ranar da ya fara kurɓar nata sai ya rufe ido.

"Citta ta ji, kanumfari bai yi rashin kunya ba... kuma akwai wani ƙamshi can ƙasa. Tara."

"Ina ɗayan ya tafi, Malam?"

"Yana wurina. In na ba ki goma, da wace hujja zan dawo mako mai zuwa?"

Ya dawo. Ya yi ta dawowa, har ya san hanyar Tafoki a kan babur ɗin da ya saya da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata.

"Suwaiba, sanyin idona, kin san abin da nike so? In zauna gaban tuwo kullum, wanga tulu na gefena."

"Tulun kake so ke nan, ba mai tulun ba."

"Ai ba a raba su."

A gidansu na Ƙanƙara ba a ga abin haka ba. Yayansa Alhaji Gide ya samu kwangilar hanya, ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti, ya sayo tebur da kujeru, ya ajiye firji mai aiki da kananzir a inda duk baƙo zai gani. Mahaifiyarsu Hajiya Hajaratu ta je Makka sau biyu. Kuma ta riga ta zaɓa wa Zailani Bilki, ɗiyar ƙanwarta, wadda ta yi makarantar 'yan mata kuma ta iya buɗe kwalba ba tare da kumfa ya zube ba.

"Mai tallar zoɓo?" in ji Hajiya. "To, ta kawo mu ɗanɗana. Ranar Salla, a ci abinci da ita."

Zailani ya ɗauka nasara ce.

Suwaibatu ta tsince zoɓon fure fure. Ta turara tulun sau biyu. Daga Faskari zuwa Ƙanƙara a kan cinyarta ta riƙe shi cikin mota, duk rami sai ta rungume shi kamar jariri.

A ƙofar gida Bilki ta tarbe ta da fara'a.

"Sannu da hanya, 'yar'uwa. Kawo, a nan gidan ba a shiga falo da tukunyar ƙasa. Bari in juye a sa a firji ya yi sanyi."

"Tulun na sanyaya shi ai..."

"Sanyin ƙauye daban, na firji daban."

Baƙuwa ba ta musu a gidan da take fatan zama. Ta miƙa.

Sai da aka gama tuwon shinkafa da miyar taushe aka ba ta jug a rufe, aka ce ta zuba wa manya da hannunta.

Alhaji Gide ya kurɓa, ya tofar cikin kwano.

"Wannan babur za a ba ko mutum?"

Sannan Hajiya ta yi tambayarta.

Suwaibatu ta ga idon Zailani ya tafi bakin ƙofar kicin. Ta bi shi da nata. Wata jarka ce ruwan ɗorawa a jingine, bakinta ya yi ja da zoɓo. Ta san ta. Sau nawa ta gan ta ɗaure bayan babur ɗinsa, yana cewa kananzir ɗin firjin Hajiya zai sayo?

Ya gani. Ya kuma san ta ga ya gani.

Harshen da ke gane ƙamshin kajiji a ƙarƙashin citta ba zai kasa gane jarkar gidansu ba.

"Malam, kai muke jira," in ji Bilki. "Kai ne mai jan biro."

Zailani ya ajiye kofin. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi yayansa, ya yi 'yar dariya.

"Biyu," ya ce. "Ɗaya don launi, ɗaya don wahalar hanya."

Falon ya ɗauki dariya. Alhaji Gide har da buga tebur.

Suwaibatu ta ajiye jug ɗin a hankali, don ba nata ba ne. Ta yi wa Hajiya godiyar abinci. Ta tarar da tulunta a kife kusa da kwata, ta ɗauraye shi, ta fita.

A tasha ya cim mata, yana haki.

"Suwaiba, tsaya... don Allah ki saurare ni."

"Ina ji, Malam."

"Na san ba hannunki ba ne. Amma Hajiya ce ta miƙa wa Bilki jarkar, a gabana aka yi, ban gane ba sai daga baya. Mi kike so in yi? In tona uwata gaban iyali?"

"Ban so ka tona kowa ba."

"To?"

"Da ka yi shiru."

Ta gyara riƙon tulun, ta ci gaba.

"Da ka ce yau Salla ce, ba makaranta. Da ka ce bakinka ba daɗi. Amma ka zauna ka yi tunani, ka ƙirƙiro abin da za su yi dariya. Har da wahalar hanya, Malam. Ka san yadda na riƙo shi."

"Raha ce kawai, farin cikina, don a wuce wurin..."

"An wuce."

Yaron mota bai kira ba tukuna, amma ta shiga ta zauna, tulun a cinyarta.

Ya zo Tafoki sau uku. Dada ce ta fito duk ukun, ta ce yarinya ba ta nan. Kafin damina ta kewayo an ɗaura aurensa da Bilki, aka sha lemun kwalba akwati arba'in.

Bayan shekara huɗu wata mota ta tsaya gaban wata rumfa a kasuwar garin Sabuwa. Suwaibatu ta auri Salihu tela, mutumin da ke shanye kofi ya ce alhamdu lillahi, ko zoɓo ne ko ruwan rijiya. Ta samu rumfa, da tulu uku, da bokitin ruwa da take jiƙa kwalabe don masu son na kanti.

Zailani ya fito. Ya zama sufeton makarantu, ya yi ƙiba, ya yi furfura kafin lokaci.

"Suwaiba."

"Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali?"

"Lafiya." Ya dubi tulun. "A ba ni kofi ɗaya."

Ta sa hannu a bokiti, ta zaro kwalba, ta buɗe, ta ajiye gabansa.

"Zoɓon nike nufi."

"Wanga ya fi dacewa da kai. Ko'ina ɗanɗanonsa ɗaya, ba ya bukatar a tsaya masa."

Ya daɗe yana juya kwalbar.

"Goma ne," ya ce a hankali. "Tun ranar farko goma ne. Ban sake shan kamarsa ba."

"Ka riƙe ɗayan, Malam. Ai wurinka ka ce yake."

Ya ajiye kuɗin kwalbar bai sha ba. Ta bi motar da ido har ta sha kwana.

Sannan ta ɗauki ludayi ta ɗebo daga tulun Dada. Mutanen Sabuwa na rantsuwa babu zoɓo kamar nata, kuma ta yarda da su, don ba ta da wata hanyar sani. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta jira citta da kajiji.

Kananzir ta ji, kamar kullum.